Lemun Katako Mai Yanki Takwas

Shafi na 19

Assalamu alaikum. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in ban sako shafin yau ba za ta zo ta ƙwace wayar. Ki zo, dama gilashinta a fashe yake. Waɗanda suka shigo mana yau ku matso kusa, ba za ku ɓata ba.

*

Ranar gwaji ce.

Tun ƙarfe bakwai Malama ta share ajinta, aji uku, da hannunta, ta goge allo sau biyu, ta yaye ƙyallen da take lulluɓe na'urar da shi.

Na'urar tana kan tebur kusa da taga, girmanta kamar ƙaramin firji marar ƙofa. A samanta akwai naɗin zaren roba, a cikinta wani baki mai zafi da ke narkar da zaren, yana shimfiɗa shi siriri-siriri, layi bisa layi, har abin da ka zana a kwamfuta ya tashi tsaye a gabanka ka ɗauka da hannu. Yara sun sa mata suna Gizo-gizo. Hedimasta ya hana, ya ce kayan ilimi ne ba abin wasa ba. Bayan sati biyu shi ma Gizo-gizo yake cewa.

Wata bakwai ke nan da aka kwashi malamai arba'in aka kai su horo. Sati uku suna zaune a wani babban ɗaki, masu furfura suna riƙe linzamin kwamfuta kamar an damƙa musu kunama. Yau Injiniya, yarinyar da ta koyar da su, za ta zo ta ga Malama ta yi darasi ɗaya da abin da ta fitar da kanta, sannan a ba ta takardar kammalawa.

Amma ba gwajin ne ya hana Malama karyawa ba. Lemun katako ne.

Shekara ashirin da bakwai da suka wuce wani kafinta ya zo gyaran benci a makarantar nan, da fensir a bayan kunne. Ya tsaya a taga yana kallon sabuwar malama tana fama da yara a kan rabi da kwata, tana zana da'ira a allo, da'irar tana fitowa kamar ƙwai. Bayan sati ɗaya ya dawo da lemu na katako, yanki takwas a cikin ɗan kwanonsa, kowane yanki yana zamewa ya fita, ya koma ya zauna ba ko tsagar gashi. Ba ta san sunansa ba, sai ta ce, "Na gode, Mai Fensir."

Kafin shekara ta zagayo ya zama mijinta.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a shago, ya tafi da hannun dama. Wata biyar yana kwance fuskarsa a bango. Abinci sai an yi rigima. Ranar da Malama ta faɗa, a cikin hira kawai, cewa yanki ɗaya na lemun ya ɓata, ranar ya juyo. Ya ce a miƙo masa wuƙar sassaƙa. Ya matse katako tsakanin gwiwoyinsa, sati biyar yana fama da hannun hagu. Da ya gama ya naɗe abin a jarida, ya ɗaure da zare da taimakon haƙori, ya miƙa mata.

Bai shiga ba. Ya yi ƙiba ta ciki, ya karkace ta baya.

A satin aka fara horo, kuma aikin farko da Injiniya ta ba su shi ne kowa ya kawo abin da ya lalace a ajinsa ya gyara. Malama ta auna gurbin, ta zana, ta fitar da yanki na roba mai launin katako, ta sa shi a lemun ta ɗauki hoto, ta kai gida.

"Ga naka nan. Ya zauna ɗas."

Ranar faranti biyu ya ci.

Da ta ga haka sai ta ƙara wata: wai ɗaya ajin ukun ma suna son nasu lemun. Wata bakwai yana sassaƙa yanki bayan yanki. Ita kuma tana karɓa, tana kaiwa makaranta, tana sa Gizo-gizo ta fitar da madadinsa, tana nuna masa hoto.

Hoto ba shi da nauyi. Da wannan ta dogara.

*

Yara suna filin taro ana duba musu farce. Malama tana jera lemun biyu a kan teburinta, tsoho da sabo, sai ta ji ƙarar sanda a baranda.

Ƙwas. Jan ƙafa. Ƙwas. Jan ƙafa.

Ta san tafiyar nan sarai. Amma a tsakar gida ta san ta, daga ɗaki zuwa bakin famfo. Ba a nan ba.

"Malama, ana ɗaukar sababbin ɗalibai, ko na makara?"

Yana tsaye a bakin ƙofa cikin farar rigarsa ta fita unguwa, wadda yanzu ta yi masa yawa a kafaɗa. Auta, 'yarsu, tana riƙe da gwiwar hannunsa. A bayan kunnensa akwai fensir. Kunnen hagu.

Alli ya suɓuce daga hannun Malama ya karye biyu.

"Baban Auta... me ya fito da kai?"

"Ƙafata. Ta hagu ce ta fito, ta dama ta biyo mu ba don tana so ba."

"Wallahi Umma ba laifina ba ne," in ji Auta tana dariya. "Tun jiya yake min barazana, wai in ban kawo shi ba zai bi ta taga. Mai motar hayar ma sai da ya sha faɗa, wai yana tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai."

"Wata goma sha huɗu ban taka ƙofar gida ba," ya ce. Maganarsa tana ɗan ja tun bayan ciwon, amma yau ko a jikinsa. "Na ce in zan fita, to ranar da matata za ta ci jarrabawa da aikin hannuna zan fita. Ba ki yi murna ba?"

"Na yi."

"To fuskarki ba ta samu labari ba."

Ya shigo a hankali yana dafa benci. Ya tsaya a na biyu ya girgiza shi.

"Wannan ni na yi. Ji shi, ko motsi." Ya dafa na gaba, ya yi ƙiiƙ. "Wannan kuwa ban san ɗan wa ya yi ba. Allah ya shirye shi."

Sai idonsa ya kai kan na'urar. Ya zagaya ta da kallo, irin kallon da yake yi wa sabon yaron shago.

"Ita ce sabuwar kafintar?"

"Ita ce, Baba," Auta ta amsa.

"Ina zartonta?"

"Ba ta yanka komai. Ƙarawa take yi."

"Ikon Allah. Mu muna rage katako har abu ya fito, ita tana tara roba har abu ya fito. Ba ta ko barin garin katako a share?"

"Ba ta bari."

"To yaran shago sun huta." Ya juyo yana murmushi. "Malama, ina lemuna?"

Malama ta matsa ta tsaya tsakaninsa da teburin. Ta ji muryarta ta fito siririya.

"Yara sun kusa shigowa. Ka zauna can baya ka huta, in an gama darasi sai ka gani a natse."

"Wata bakwai ina ganinsa a waya kamar ɗan da ke ƙasar waje. Matsa mana."

"Baban Auta, ƙafarka..."

"Ƙafata ta gode. Matsa."

Ta matsa. Me za ta yi?

*

Ya jingina sandar a jikin tebur. Ya jawo tsohon lemun, ya juya kwanon da yatsa har ya zo kan yankin da ya fi sauran duhu kaɗan.

"Ga shi nan," ya ce a hankali. "Sati biyar. Auta, zo ki ga babanki."

Ya sa yatsa biyu ya zaro shi.

Hannun ya yi sama fiye da inda ya nufa, kamar mutumin da ya sunkuci bokiti yana zaton cike yake.

Murmushin bai tafi nan take ba. Ya tsaya a fuskarsa, sai dai babu kowa a bayansa.

Ya ɗora yankin a tafin hannu, ya ɗaga, ya sauke. Ya ƙwanƙwasa shi a gefen tebur. Ƙwal, ƙwal. Ya zaro na kusa da shi ya ƙwanƙwasa. Dum, dum. Ya mayar da shi, ya koma na farkon, ya ja farcen babban yatsa a bayansa daga sama zuwa ƙasa, farcen ya bi ta kan layukan nan sirara yana ƙirrr. Ya kai shi hanci.

"Man takalmi," ya ce.

"Baba, mene ne?" Auta ta tambaya.

Kafin wani ya amsa aka yi sallama da ƙarfi. Injiniya ce, da jaka a baya da fayil a hannu, tana haki don ta hawo matakala da gudu. Yarinya ce mai kirki, irin waɗanda bakinsu yake riga idonsu isa wuri.

"Malama, ina kwana! Kai, baƙi gare mu? Baba, ina kwana. Tsaya, kada dai kai ne mai lemun asali?"

"Ni ne, 'yata."

"Wallahi na ji daɗi! A duk makarantar da na je sai na ba da labarin lemun nan. Baba, ka san matarka ce ta fi kowa a ajinmu? Ranar farko ko kunna kwamfuta ba ta iya ba, ta ce min, ''Yar nan, ina ake sa mata ashana?' Amma kowa ya tashi ita tana nan. Wannan yankin da ke hannunka, sau shida ta fitar da shi kafin ya zauna."

"Sau shida."

"Sau shida! Na ce Malama, ki yi shi ja ko kore, yara sun fi so. Ta ce a'a, sai launin katako. Ta bi shi da samfefa, ta shafa masa man takalmi. Na ce Malama, wai wa za ki yaudara?" Ta yi dariya ita kaɗai. "Kuma cikinsa ba cike yake ba, Baba. Kamar saƙar zuma yake, haka muke koya musu don kada zare ya ƙare da wuri. Shi ya sa ba shi da nauyi."

"Hannuna ya riga ya gaya min."

Ya miƙa hannu kan sabon lemun, ya ɗaga shi gaba ɗaya da yatsa uku.

"Wannan fa?"

"Shi ma duk ita ta yi. Takwas cif, ba wanda ya taya ta..."

A nan Injiniya ta kalli fuskar Malama. Ta kalli ta Auta. Bakinta ya tsaya a buɗe.

"Na... bari in je in gaida Hedimasta," ta ce, ta fita da baya tana rungume da fayil.

Auta ta tura ƙofar ta rufe, ta jingina da ita.

*

Daga fili ana jin muryar malamin da ke tsawata wa 'yan makara.

Ya zauna a kan bencin gaba, wanda ya yi da hannunsa.

"A cikin waɗannan duka, guda nawa ne aikina?"

"Bakwai na tsohon lemun," Malama ta ce.

"Waɗancan wani ne ya yi su. Mai hannu biyu. Ya daɗe da tafiya. Nawa aikin nake tambaya, ni ɗin nan da ke zaune."

Ta kalli ƙasa.

"Malama."

"Babu."

"Umma!" Auta ta toshe baki.

"Ke ma ba ki sani ba?" ya tambaye ta ba tare da ya juya ba.

"Wallahi Baba ban sani ba."

"To alhamdu lillahi. Da na zaci duk gidan ne ake taruwa a yi min tafi."

Malama ta zo ta durƙusa a gabansa, zaninta a kan ƙurar alli.

"Ka saurare ni. Ka manta yadda kake, ni ban manta ba. Ni nake ɗauke faranti yadda na ajiye shi. Ni na ji ka kana ce wa Auta ta kira yaran shago su raba kayan aikinka. Likita ya ja ni gefe ya ce jikin zai iya tashi, mutumin ne ba ya so. Sai ga ka ka miƙo min abu a jarida kana dariya. Dariyar farko a wata shida. Me zan dawo in ce maka? In ce bai shiga ba?"

"E."

"Baban Auta..."

"E. Ki ce bai shiga ba. Shekara arba'in ana dawo min da aiki. Ƙofa ta ƙi rufuwa. Ƙafar tebur ta fi 'yar'uwarta. In karɓa, in duba, in rage. Kin taɓa ganin na kwanta na ƙi cin abinci don an dawo min da ƙofa?"

"Lokacin da lafiyarka."

"Ashe." Ya gyaɗa kai. "A ajin nan, in yaro ya kawo miki lissafi ba daidai ba, me kike yi masa?"

Ta waiga ta kalli biron da ke kan teburinta.

"Ai na san amsar. Ni nake sayo miki su dozin-dozin. Faɗa dai."

"Jan biro."

"Don me?"

"Don ya gyara."

"Don kin san zai iya." Ya nuna ƙirjinsa da yatsa. "Ni ban kai jan biro ba ke nan. Ni irin 'yan aji ɗaya ne, in yi zanen akuya mai ƙafa shida a ce kai, ya yi kyau, a shafa min kai."

"Ba haka ba ne, wallahi ba haka ba ne. Tsoro na ji. Na ji tsoron ka koma bango."

"Sau nawa na ce ki kawo min lemun gida in gwada da kaina?"

"Da yawa."

"Kika ce Hedimasta ya rubuta shi a cikin kayan makaranta, ba a fita da shi. Har na zagi bawan Allah a raina. Na ce ji mutum, abin da na yi tun yana gajeren wando." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗin ji. "Sai na nemi gafararsa."

Hawaye suna bin fuskar Malama, ba ta share ba.

"Ina suke?" ya ce.

"Su wa?"

"Kin jefar?"

"Allah ya kiyaye! Ni in jefar da..."

"To ina suke?"

Ta tashi kamar wadda aka ɗora wa buhu. Ta ciro makulli daga jakarta, ta buɗe aljihun tebur na ƙasa, wanda ko ranar shara ba ta bari a taɓa.

Ƙunshi tara na jarida, a jere. A jikin kowanne akwai lamba da fensir, rubutun hannun hagu, mai rawa.

"Auta, kwaso su nan."

Auta ta jera su a kan bencin kusa da shi. Ya bi su da yatsa. Na ɗaya zarensa a kwance. Na biyu a kwance. Na uku a kwance.

A kan na huɗu yatsan ya tsaya.

Zaren yana nan a ɗaure. Na biyar ma. Na shida. Har na tara.

Ya daɗe yana kallon ƙullin.

"Wannan ƙullin ni na yi shi," ya ce. "Da haƙori. Kin san sau nawa yake suɓuce min kafin ya kama?"

"Na kasa ne." Muryarta ta karye. "Duk wanda na kwance na gwada ya ƙi, sai in zauna a nan in yi kuka kafin yara su shigo. Bayan na ukun na ce ba zan ƙara ba. Sai in karɓa kawai in ajiye."

"Ki dawo gida ki ce ya zauna ɗas."

"In dawo gida in ce ya zauna ɗas."

*

Ya jawo tsohon lemun gabansa, gurbin nan a buɗe kamar wawulo. Kwanon ya zame a kan bencin. Malama ta miƙa hannu za ta riƙe masa.

"Auta," ya ce. "Riƙe min."

Malama ta janye hannunta.

Ya kai ƙunshi na huɗu baki, ya cije zaren ya tsinke shi. Ya sa yankin a gurbi. Ya shiga rabi ya cije. Bai ma san lokacin da hannunsa ya je bayan kunne ya zaro fensir ba. Ya ja ɗan layi a gefen katakon.

"Nan ne. Kaurin farce biyu. Aikin yini ɗaya ne, da an gaya min."

Na biyar ya shiga, amma yana rawa.

Na shida ya shiga, kansa ya ɗan leƙo sama da sauran.

Ya tsinke zaren na bakwai. Jaridar ta buɗe, ƙanshin katako ya tashi. Ya ɗora shi a bakin gurbin, bai ko tura ba. Yankin ya zame da nauyin kansa.

Ɗas.

Auta ta ja numfashi.

Ya shafa bayan lemun da tafin hannu, ya zagaya, ya sake zagayawa. Ya rufe ido ya nemi tsagar da farce. Bai same ta ba.

Ya cire shi ya sa na takwas. Ɗas.

Na tara. Ɗas.

Malama ta dafa tebur. Shekara ashirin da bakwai tana jin wannan ƙarar a ajin nan. Ta san ta kamar yadda ta san tarinsa.

"Na bakwai," ya ce, idonsa har yanzu a rufe. "Yaushe na ba ki shi?"

"Wata biyu... da 'yan kwanaki."

"Wata biyu." Ya buɗe ido ya ɗaga hannun hagun yana kallonsa, gaba da baya, duk tabon wuƙa. "Wata biyu ke nan da hannun nan ya koyi aikin. Ina can ina murna da hoton roba, na gaskiyar yana kulle a nan cikin duhu. Da ban fito yau ba, da sai in mutu ban sani ba. Ke ma haka."

"Ka yafe min. Don Allah ka yafe min. Yau da shi zan yi darasi, zan gaya wa yara, zan gaya wa Injiniya..."

"Ki gaya musu me? Cewa ya yi kyau?"

Aka kaɗa ƙararrawa.

Ƙafafun yara suka cika baranda, suna turereniya suna jeruwa a bakin ƙofa. Aka ƙwanƙwasa a hankali.

"Malama," muryar Hedimasta ce, "Injiniya tana da wata makarantar bayan tamu. A buɗe?"

Kafinta ya dafa kafaɗar Auta ya miƙe. Ya bar na tara a cikin lemun. Ya ɗauki yankin robar, ya kamo hannun matarsa, ya sa mata a tafi, ya naɗe yatsunta a kai ɗaya bayan ɗaya.

"Yi darasinki da wannan. Aikinki ne, sau shida kika yi shi. An dawo miki da shi sau biyar kin gyara." Ya kalle ta cikin ido. "Ke an yi miki adalci."

Ya sunkuya da ƙyar a kan aljihun teburin da ke buɗe. Ya ajiye fensirin a ciki, inda ƙunshin suka kwana wata da watanni. Ya tura aljihun da gwiwa ya rufe.

Ko ranar da aka kwantar da shi a asibiti, sai da nas ta yi da gaske kafin ya bari aka cire fensirin nan.

"Auta, sandata."

"Baba, ka tsaya mana a gama..."

"Sandata. Ki kira mai motar nan."

"To. Mu je gida ka huta."

"Ba gida za mu ba."

Auta ta kalli uwarta, ta kalle shi.

"Ina za mu, Baba?"

"Buɗe ƙofa."

Ta buɗe. Yara hamsin suka dare biyu suka ba shi hanya, suna kallon tsohon da ba su sani ba. Hedimasta ya fara gaishe shi, gaisuwar ta maƙale.

Ƙwas. Jan ƙafa. Ƙwas. Jan ƙafa.

Malama ta fito bakin ƙofa da roba a dunƙule a hannunta. A gaban Hedimasta, a gaban Injiniya, a gaban yaran da ba su taɓa jin ta ɗaga murya don kanta ba, ta kira sunan da rabonta da shi tun kafin a haifi Auta.

"Mai Fensir!"

Sandar ta tsaya.

Bai juyo ba. Ya ɗaga hannun hagu ya taɓa bayan kunnensa, inda babu komai.

Ƙwas. Jan ƙafa.